Kalmomin Gado a Harshen Turanci: Saiwa da Ɗafi Daga Anglo-Sakson



An nemi in yi magana a kan kalmomin da Turanci ya gada daga harshen Anglo-Sakson, da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeyar da suka zo tare da su. Na karɓi aikin hannu biyu, domin akwai wata ɗabi'a a makarantunmu da ke damuna. Yaro yana ganin bai iya Turanci ba sai ya haddace dogayen kalmomi masu cika baki, ya jera su a takardar jarrabawa ko da bai san inda suka dosa ba. Ni kuwa abin da na zo da shi yau shi ne, ƙarfin Turanci yana cikin gajerun kalmominsa na gado, kuma duk wanda ya gane yadda ake ɗora musu ɗafi ya huta da yawan hadda.

Mu fara da su wane ne Anglo-Sakson. Bayan da mulkin Rumawa ya ƙare a Birtaniya wajen shekarar 410, sai wasu ƙabilu suka tsallako teku daga yankin da a yau yake arewacin Jamus da Danmak: Angil, Sakson da Jut. Malamin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, ya ajiye zuwansu a shekarar 449. Daga sunan Angil aka samu England da English. Mutane ne manoma da mayaƙa, kuma kalmomin da suka bari na rayuwar yau da kullum ne: house, bread, water, mother, child, sun, night, hand, eat, sleep, love.

Daga baya baƙi suka yi ta shigowa. Augustine ya iso da addinin Kirista a 597, Latinanci ya biyo shi da kalmomi irin su school da altar. Mayaƙan Viking na ƙasashen arewacin Turai suka far wa tsibirin Lindisfarne a 793, daga bisani suka zauna a ƙasar, suka bar sky, egg, skin da they. Babban juyi ya zo a 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci yaƙin Hastings. Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Turanci ya koma bakin talaka. Sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa gabatar da ƙara a kotu da Turanci.

Har gobe ana ganin tabon wancan zamani. Dabbar da ke kiwo sunanta na Anglo-Sakson ne: cow, sheep, calf. Idan namanta ya shiga akushi sai ya ɗauki sunan Faransanci: beef, mutton, veal. Haka ake samun kalma uku a kan ma'ana kusan ɗaya: ask ta gado, question daga Faransanci, interrogate daga Latinanci. Idan kun buɗe ƙamus, fiye da rabin kalmominsa daga Latinanci da Faransanci suke. Amma idan kun kasa kunne ga Bature yana hira da iyalinsa, kalmomin da suka fi fita daga bakinsa, irin su the, and, is, of, to, have, go, come, na gado ne. Ana iya gina jimla sukutum da kalmomin gado kaɗai. Da na aro zalla kuwa, da wuya ta tsaya da ƙafarta.

To, mu zo kan ɗafi, wanda shi ne zuciyar laccar. Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne, da yawa daga ɗafa-ƙeyar Turanci cikakkun kalmomi ne a da, yawan amfani ne ya siɗe su. Ɗafin -dom da ke cikin kingdom, freedom da wisdom asalinsa kalma ce mai nufin hukunci. Ɗafin -hood na childhood da brotherhood yana nufin matsayi ko hali. Ɗafin -ship na friendship ɗan uwan kalmar shape ne, babu ruwansa da jirgin ruwa. Ɗafin -ly ya fito daga tsohuwar kalma mai nufin jiki ko siffa, saboda haka manly na nufin mai kama da namiji. Ɗafin -ful shi ne full, -less kuma daga kalma mai nufin rabuwa da abu.

Bahaushe bai kamata ya ga wannan baƙon abu ba. Yadda muke cewa yaro da yarinta, haka suke cewa child da childhood. Aboki da abokantaka, friend da friendship. Mai amfani da marar amfani, useful da useless. Aikin da ma- ke yi a goshin marubuci, shi -er ke yi a ƙeyar writer. Ita kanta kalmar English, ɗafin -ish ne aka liƙa wa sunan ƙabila, kamar yadda muka liƙa -anci ko -ci muka samu Turanci da Larabci da irinsu. Akwai kuma -ness mai mayar da sifa suna, kamar kind da kindness, sai -th mai yin aiki iri ɗaya tare da sauya wasali: long da length, strong da strength, wide da width.

A ɓangaren ɗafa-goshi, un- ne babba, kuma aiki biyu yake yi. A gaban sifa korewa yake yi, kamar unkind. A gaban aikatau warware aikin yake yi, kamar untie da unlock. Ɗafin mis- yana nuna an yi abu ba daidai ba: mislead, misdeed. Ɗafin fore- yana nuna gaba ko gabata: forehead, foretell, forefather, kuma kada a rikita shi da for- na forbid da forget. Ɗafin be- yakan mayar da suna ko sifa aikatau: befriend, belittle. Wanda ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne with-. A tsohon Turanci with na nufin gaba da abu, ba tare da shi ba. Shi ya sa withstand take nufin jure wa abu ko yin tsayin daka a gabansa.

Abin sha'awa shi ne waɗannan ɗafe-ɗafe ba su ƙyamar baƙo. Beauty daga Faransanci ta zo, aka ɗora mata -ful. Certain ma haka, aka sa mata un-. Wani lokaci ɗafin gida da na aro sukan raba aiki: a ce unable amma inability, a ce unjust amma injustice. Hausa ma haka ta yi. Mun aro alƙali da liman daga Larabci muka samar da alƙalanci da limanci, mun aro likita daga Turanci muka samar da likitanci. Kalmar aro ba ta zama 'yar gida sai ta karɓi ɗafin gida.

Kada a fahimce ni da cewa a yi watsi da kalmomin aro. An taɓa gwada hakan a Ingila. William Barnes, mawaƙi kuma malami da ya rayu daga 1801 zuwa 1886, ya so a maye gurbin astronomy da starlore, amma jama'a ba su bi shi ba. Likita da lauya da masanin kimiyya ba za su yi aiki babu Latinanci da Girkanci ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a fara da farko, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka ga roƙona ga malamai. Ku fara darasin daga Hausa, ku sa yaro ya fasa manomi da shugabanci ya ga saiwa da ɗafi da idonsa, sannan ku kai shi Turanci. Ku ba shi friend, ku bar shi ya haƙo friendly, unfriendly, friendship, friendless, friendliness da befriend. Kalma ɗaya ta haifi shida, kuma abin da ya gano da kansa ba zai manta ba. Ku kuma gargaɗe shi cewa ƙa'idar tana da iyaka: babu un- a cikin uncle, hardly ba ta nufin da ƙarfi, understand kuma ba tsayuwa a ƙarƙashin wani abu ba ce. Ku kuma ɗalibai, idan kuna rubutu, ku zaɓi kalmar da mai karatu zai gane, gajera ce ko doguwa, domin isar da saƙo shi ne amfanin harshe.

 Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.