Ƙananan Manhajojin Waya a Hannun Malami: Jawabin da aka Gabatar a Taron Reshe



An ɗora mini nauyin yin magana kan ƙananan manhajojin da ke cikin wayoyinmu, irin su kalkuleta da tocila da kalanda da agogon tashi. Ba na raina su. Duk wanda ya taɓa cike takardun sakamako na aji mai yara saba'in a ƙarshen zango, da dare, ba wuta, ya san abin da tocila da kalkuleta suka rage masa na wahala. Aikin da a da yakan cinye mini kwana uku, yanzu nakan kammala shi a yini guda.

Sai dai manhaja ba ta san abin da kake nufi ba, abin da ka danna kawai ta sani. A zangon da ya gabata ina fitar da matsakaicin maki na gwaji uku na wata ɗalibata, kowanne bisa 20. Ta samu 12 da 15 da 18. Na tara su a jere, na raba da 3, waya ta ba ni 33. Ba kuskure ta yi ba. Kalkuletar waya tana bin ƙa'idar da mu kanmu muke koyarwa, wato rabawa kafin tarawa, don haka 18 kaɗai ta raba, sannan ta haɗa da sauran. Tsohuwar kalkuletar 'yan tireda, wadda ke lissafi bi da bi, da 15 za ta ba ni. Abin da ya cece ni shi ne sanin cewa ba a samun 33 a gwajin maki 20. Da ratar ba ta kai haka ba, da ta shige cikin takarda, wani yaro ya rasa matsayin da ya yi wa gumi, uba ya zo ofis da tambayar da ba ni da amsarta. Wannan ne dalilin da ya sa har gobe ba na yarda ɗan aji huɗu ya taɓa kalkuleta kafin ya iya ƙiyasta amsa da ka.

Haka kalanda. Tana nuna ranar Hijira bisa lissafi, amma a ƙasar nan azumi da salla suna bin ganin wata da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kuma sau da dama akan sami bambancin kwana guda.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "kyauta". Manhajar da ba ka biya ba, da talla take ci, tallan kuma datarka yake sha. Wata ma ta wuce nan. A shekarar 2013 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tuhumi masu wata manhajar tocila, wadda miliyoyin mutane suka sauke, da miƙa wa 'yan talla bayanin inda masu wayar suke ba tare da sun bayyana musu ba. Me ya haɗa tocila da sanin inda kake kwana? Alhali wayoyin Android na yanzu da tocilarsu suke zuwa, ba sai an sauke wata ba.

Mu malamai abin ya fi shafa, domin wayoyinmu cike suke da amanar wasu: hotunan rajista, sunayen yara, lambobin iyayensu. Tun 2023 Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a. Roƙona shi ne, yau idan mun koma gida, kowa ya buɗe saitin wayarsa ya duba izinin da ya bai wa kowace manhaja. Wadda ke neman lambobin mutane ko hotuna alhali aikinta haska ɗaki ne, a goge ta.

Shugaba, ina kuma ba da shawarar reshe ya ware rabin sa'a a taro mai zuwa, matasanmu su nuna wa dattawanmu yadda ake yin hakan.