Kujerar Na-ƙi da Iyakarta



Abin da ya tara mu yau shi ne ikon da shugaba yake da shi na ƙin sa hannu a kan dokar da majalisa ta zartar, wato abin da Bahaushe ya laƙaba wa suna hawa kujerar na-ƙi. Wannan iko ba baƙo ba ne a Arewa. A zamanin En'e, dokar 1954 ta bai wa waɗansu sarakuna damar ture shawarar majalisarsu muddin sun sanar da Gwamna, waɗansu kuwa ta tilasta musu bin masu rinjaye.

A yau sashe na 100 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa tana iya sake zartar da dokar da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku, ta zama doka ba da sa hannunsa ba. Sashe na 58 ya tanadi haka ga Shugaban Ƙasa. Ta wannan hanya ce Majalisar Tarayya ta zartar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000, bayan Obasanjo ya ƙi. A 2018 kuwa Buhari ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe, majalisa ba ta ture shi ba, aka yi zaɓen 2019 da tsohuwar doka.

Ashe ke nan ƙarfin wannan kujera yana ga lissafin wakilai. Mutanen Gozaki da Malumfashi da Funtuwa sun ga haka da idonsu. A 1979, lokacin suna cikin Jihar Kaduna, an zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, alhali NPN ce da rinjaye a majalisa. Sai majalisa ta hau tata kujerar, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa. A watan Yuni na 1981, a ƙarƙashin Kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta tsige shi. Kashi biyu cikin ukun da ke ture na-ƙi, shi ne kuma ke ture gwamna.

Majalisar Jihar Katsina tana da wakilai 34. Ana bukatar 23 kafin a rinjayi gwamna. In 12 suka tsaya a bayansa, dokar ta kwanta. To, dokar taki, ko ta harajin kasuwa, ko ta filin noma da ta shafi manomin auduga a Gozaki, tana iya rataya a kan ƙuri'ar mutum guda, watakila ma wakilin Kafur.

Saboda haka idan mun koma garuruwanmu, mu faɗa wa iyayenmu su auna ɗan majalisa da mudun da suke auna gwamna. Mu da muka yi karatu kuma, mu riƙa bin diddigin yadda wakilinmu ya jefa ƙuri'a, mu tambaye shi dalili.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.