DOKI MAI TSORO DA YADDA A KE KWANTAR MASA DA HANKALI

Jawabi ga masu dawaki na Cheberu da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo

Ku da kuka fita daga duhun rashin karatu da girmanku, kun riga kun san darajar haƙuri, gama ba a rana ɗaya kuka koyi baƙi da wasali ba. To, wannan haƙurin shi na ke so ku ara wa dawakinku.

Mutumin ƙasar Gwandu ba ya bukatar a gaya masa darajar doki. Tun shekarar 1805 da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka sauka Gwandu, har zamanin da Malam Abdullahi ya riƙe yammacin daula daga nan, doki ne abin tafiyar manzo da mayaƙi da basarake. Yau mota da babur sun karɓe tafiya, amma ba su karɓe hawan Salla ba, ba su kuwa karɓe hawan angwanci ba. Mutum ya kan sayar da hatsin shekara, ko shanu, ya sayi ingarma. In dokin nan ya zama mai firgita, dukiyar ta shiga haɗari, wuyan mai ita ma haka, balle yaran da ke tsaye bakin hanya ran hawa. Saboda haka maganar nan ba ta wasa ba ce.

TSORO BA TAURIN KAI BA NE

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne wannan. Dokin da ya zabura don ya ga leda tana tashi, ko ya ƙi ƙetare kwalbati, ko ya yi tutsu da jin ƙarar babur, ba raina ka ya yi ba. Tsoro ya ji.

Dubi halittarsa. Doki dabba ce mai cin ciyawa, kakanninsa kuwa a fili suka zauna, namun jeji suna farautarsu. Ba shi da ƙaho irin na sa, ba shi da farce irin na zaki. Makaminsa babba gudu ne. Wanda ya tsaya bincike a cikinsu an cinye shi, wanda ya fara gudu kafin ya duba shi ya rayu ya haihu. Dokinka jikan masu gudun nan ne.

Dubi idanunsa kuma. Naka suna gaba, nasa suna gefen kai. Don haka yana ganin kusan ko wane gefe ba tare da ya waiwaya ba, sai wuri biyu: daidai bayan wutsiyarsa, da daidai gaban goshinsa zuwa ƙarƙashin hancinsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya shiru, ko ya kai hannu goshinsa farat ɗaya, kamar daga sama ya faɗo masa. In ya yi harbi a sa'an nan, laifin wa?

Yanzu ka auna abin da bulala ke yi. Doki ya ga babur, ya ji tsoro, ya ja da baya. Mai shi ya fusata, ya zuba masa bulala, ya soka masa ƙaimi, ya fizgi linzami har baki ya yi jini. Me dokin ya koya? Ya koyi cewa duk inda babur ya ke, akwai zafi. Jiya tsoro ɗaya ya ke ji, yau biyu: na babur da na ubangijinsa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Doki ma haka ne, ya kan riƙe abin da ya cuce shi.

Wannan ba sabon sani ba ne. Wani jarumi na ƙasar Girka, ana ce da shi Zenofon, ya rubuta littafi a kan hawan doki yau fiye da shekara 2,300. A ciki ya hana mahayi taɓa dokinsa cikin fushi, ya kuma yi gargaɗi cewa in doki ya tsorata da abu, mai shi ya je ya taɓa abin da kansa, sa'an nan ya jawo dokin kusa da lalama. A zamaninmu kuma wani Ba'amurke, Monti Robats, ya nuna wa Sarauniyar Ingila horon doki ba da bulala ba a gidanta na Winsa cikin shekarar 1989, ita kuwa ta ƙarfafa shi ya rubuta hanyarsa don mutane su amfana.

KA FARA NEMAN CIWO

Kafin ka ce dokinka matsoraci ne, ka tabbata ba ciwo ke cinsa ba. Dawaki da yawa da a ke zagi, marasa lafiya ne waɗanda ba su da bakin faɗi.

Ka shafa bayansa da tafin hannu, daga gindin wuya har ƙugu. In ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, sirdi na cinsa. Ka dubi inda majayi ke bi, ko akwai miki. Ka buɗe bakinsa. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili wanda ba haƙori, nama ne ɗan kaɗan bisa ƙashi, nan linzami ke zama. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai, hannu mai nauyi kuwa ya kan yanka wurin nan da shi. Ka dubi kofatai huɗu, ka dubi idanu, gama doki mai hakiya ya kan firgita da abin da ba ya gani sosai. In ka sami wani abu, ka kira likitan dabbobi, ka bar horo sai ciwo ya warke.

Ka dubi zamansa kuma. Cikin doki ƙarami ne, an yi shi don ci kaɗan-kaɗan yawancin yini. Dokin da a ka cika wa dawa, a ka rage masa harawa da ciyawa, a ka ɗaure shi a turke kwana da kwanaki ba motsi, ba ya ganin ɗan'uwansa, dole ya fito kamar wuta. Ka yawaita ciyawa, ka rage tsaba, ka sa masa talala ya yi kiwo, ka ajiye shi inda zai riƙa ganin wani doki.

KA KOYI KARANTA DOKI

Kamar yadda ka koyi karanta takarda, haka za ka koyi karanta jikinsa. In ya ɗaga kai sama, wuya ya sandare, hanci ya buɗe, farin ido ya bayyana, wutsiya ta manne, yana cewa, "Ina jin tsoro." In ya sunkuyar da kai, ya saki dogon numfashi, ya sassauta ƙafar baya ɗaya, ya shiga lasar leɓe, yana cewa, "Hankalina ya fara komowa."

In kana da agogo, akwai wata shaida. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, za ka ji jijiya tana bugawa. Babban doki mai lafiya yana hutawa, zuciyarsa ta kan buga tsakanin sau 28 da sau 44 a minti ɗaya. In ta wuce haka da nisa alhali bai yi gudu ba, ko tsoro ko ciwo.

MATAKI NA FARKO: ZAMA KUSA

Kwanakin farko kada ka nemi kome gare shi. Ka je da safe da maraice, lokaci ɗaya kullum. Ka yi masa magana tun daga nesa don ya san kai ne. Ka nufo shi ta wajen kafaɗa, ba ta baya ba, ba ta goshi ba. In ya ɗaga kai ya sandare, ka tsaya nan. Da ya saki numfashi, ka juya ka koma baya taki biyu. Da wannan ka ke gaya masa cewa natsuwarsa ce ta sa ka ja, ba tsallensa ba. Kai da kanka za ka ba shi ruwa da harawa. Kada ka bar yara su taru suna ihu a bargarsa.

Ran da ya yarda ka taɓa shi, ka sosa masa inda wuya ya gamu da baya. Nan ne dawaki su ke sosa wa juna da haƙora in suna shiri, susar wurin kuwa ta kan kwantar da bugun zuciyarsu. Daga nan hannunka ya riƙa yaɗuwa kaɗan-kaɗan, zuwa baya, zuwa ciki, zuwa ƙafafu. Kai da kunnuwa su ne na ƙarshe, musamman ga dokin da a ka taɓa duka a fuska.

MATAKI NA BIYU: JA DA SAKI

Ka rataye linzami tukuna, ka sa masa ragama. Ka ja igiya a hankali, ka riƙe, kada ka fizga. Da ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gare ka, nan take ka saki. Nan asirin horo duka ya ke: ba ja ke koya wa doki ba, saki ne. Sakin nan shi ne ladarsa, shi ke gaya masa ya yi daidai. In ka makara da saki, ko da ƙiftawar ido uku, bai san abin da ka ke yaba masa ba. Da haka za ka koya masa tahowa, da tsayawa, da ja da baya, da sunkuyar da kai. Dokin da ya san waɗannan huɗu, yana da abin riƙewa ran da tsoro ya zo.

MATAKI NA UKU: ABIN TSORON KANSA

A ce babur ne. Ka sa a ajiye shi a kashe can nesa, inda dokin zai gan shi amma bai sandare ba. Ka ba shi harawa a nan. Gobe ka matso kaɗan. Ran da ya kai hanci ya sansana shi, ka bar shi ya sansana har ya gaji. Bayan haka a tura babur ɗin ba a kunna ba, yana tafiya gaba, ku kuna binsa. Abin da ke gudun doki ba ya ba shi tsoro kamar abin da ke nufo shi. Sai wannan ya zauna sa'an nan a kunna shi, daga nesa kuma, a sake bin matakan nan tun daga fari. Haka za ka yi da leda, da lema, da ganga, da algaita, har da ƙarar bindiga.

Masana a ƙasar Danmak sun gwada hanyoyin saba wa dawaki da abin tsoro a wani bincike da a ka buga cikin shekarar 2006, suka iske na kaɗan-kaɗan ɗin nan ya fi a fito wa doki da abin gaba ɗaya. Suka kuma iske cewa ƙaramin doki ya kan rage tsoro in yana tare da wanda ya riga ya saba. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa su kan haɗa dukushi da tsohon doki. In maƙwabcinka na da natsattsen doki, ka roƙe shi ya shige gaba, naka ya bi.

Kada zama ɗaya ya wuce kamar minti 20. Ka tsaya a kan abin da ya yi daidai, ko da ƙanƙane ne. Abin da ka gani da idon dama, ka nuna masa da na hagu kuma.

MATAKI NA HUƊU: SIRDI DA HAWA

Ka fara da jalala kaɗai, ka ɗora ka sauke har ya daina kula. Sa'an nan sirdi. Majayi kuwa kada ka ɗaure shi tamau gaba ɗaya: ka ja kaɗan, ku taka, ka ƙara. Ka sa ƙafa a likkafa ka cire. Ka kwanta bisa sirdi ka sauka. Ran da za ka zauna, wani ya riƙe maka ragama, ku yi tafiya kawai cikin fili da ya sani. Ƙaimi ka bar shi gida. Sukuwa da zamiya sai bayan watanni.

ZUCIYAR MAHAYI

Saura abu ɗaya, shi ne kai kanka. A ƙasar Suwidin an yi wani gwaji, a ka buga sakamakonsa cikin shekarar 2009. A ka gaya wa mahaya da masu jan dawaki cewa za a buɗe lema kwatsam sa'ad da su ke wucewa. Ba a buɗe ta ba. Duk da haka zuciyar mutanen ta ƙara bugawa, ta dawakin ma ta bi. Dokin bai ji abin da a ka faɗa ba, jikin mutumin ya karanta, ta igiya da ta cinya. Saboda haka ran da ranka ya ɓaci a gida ko a kasuwa, ka ba shi abinci ka tafi, horo ya jira gobe.

Kada kuwa ka yi mamaki in wata rana tsoron ya komo bayan ka zaci ya tafi. Horo ba ya kankare tsohon tsoro, rufe shi ya ke yi da sabon sabo. In ya komo, ka koma matakin da ke baya, ba za ka daɗe ba wannan karo. Wani doki mako shida ya ishe shi, wani sai damina ta kewayo. In Salla ta zo bai shirya ba, ka ari na wani ko ka tafi da ƙafa. Ba a fafe gora ranar tafiya, gara a yi maka dariyar yini ɗaya da a ɗauko ka a kan ƙyaure.

Dawakin nan da ku ke gani ran hawa a Birnin Kebbi, suna tsaye cikin tambura da bindigogi ko kunne ba su kaɗawa, ba haka a ka haife su ba. Wani ne ya zauna da su. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ɗan'uwansa da bai iya ba tukuna, da yaron da ke yi masa yankan ciyawa, gama hannu ɗaya mai bulala ya isa ya rushe aikin wata uku.

Allah ya ba mu haƙuri, ya kiyaye mu da dabbobinmu. Haza wasalamu.