Allura da zare: sana'ar rani ga maza da mata

Muna gaishe da ɗaliban yaƙi da jahilci na gundumar Tasawa da na gundumar Mayahi, cikin jihar Maraɗi. Mutanen Korgom, Maijirgi da Urafan, sannunku. Mutanen Kanembakashe, Isawan da Cake, sannunku da ƙoƙari. Hirarmu ta yau a kan ɗinkin hannu take, wato adon da ake yi wa tufa da allura da zare.

An gama aikin gona. Hatsi ya shiga rumbu, rani kuwa yana da tsawo. Idan babu wata sana'a a hannu, rumbun ne zai biya kuɗin gishiri, da na sabulu, da na magani. Haka gero yake ƙarewa tun kafin ruwan shuka ya sauka. Ɗinkin hannu yana kawo ɗan kuɗin da zai sa a ƙyale rumbu. Jarinsa kaɗan ne, a inuwar gida ake yin sa.

Aikin tufa tsoho ne a ƙasarmu. Bature Heinrich Barth ya biyo ta Tasawa a shekarar 1851, ya tarar da marina a garin. Ku dubi babbar rigar dattijo ranar Juma'a. Adon da ke gabanta yana da suna, akwai aska biyu, akwai aska takwas. Da hannu aka saba yin su. A da, maza ne suke wannan aiki. A birnin Zariya mata sun kama shi gadan-gadan tun daga shekarun 1970. Don haka kada namiji ya ji kunya, kada mace ta ce ba nata ba ne.

Ga kayan da za ku tanada: allura, zare mai launi, almakashi, fensir, da farin ƙyalle na auduga. Tsohon zane wankakke ya isa koyo. Sabon yadi kuwa, ku wanke shi tukuna, domin auduga takan ja baya idan ta sha ruwan farko. Ku gwada zare, musamman ja da baƙi. Ku jiƙa shi, ku goga a farin tsumma. In ya bar launi, yana zuba, zai ɓata muku aiki ranar wanki. Tsawon zaren da za ku zura kada ya wuce kamu ɗaya. Dogon zare yana harɗewa, yana tsinkewa.

Yanzu sai ɗinki. Iri uku za mu koya.

Na ɗaya shi ne ɗinkin komawa baya. Ku ja layi da fensir. Ku fito da allura daga ƙarƙashi, a kan layin. Ku koma baya kaɗan ku soka, sa'an nan ku fito a gaba. Ku sake komawa, ku soka daidai inda ɗinkin fari ya ƙare. Haka za ku yi ta yi. Layin zai fito babu giɓi. Da shi ake zagaye zane, da shi ake rubuta suna.

Na biyu shi ne sarƙa. Ku fito da allura. Ku danne zaren da babban yatsa ya yi zobe. Ku mayar da allura ramin da ta fito, ku fito da ita gaba kaɗan, cikin zoben. Ku ja a hankali. Zobe ɗaya ya zauna ke nan. Na biyu zai fito daga cikin na fari. In kuka ja da ƙarfi, zoben zai rufe, ƙyallen ya tattare.

Na uku shi ne ciko. Bayan kun zagaye ganye ko tauraro, sai ku cika cikinsa. Zare yana kwanciya kusa da ɗan'uwansa, daga wannan gefe zuwa wancan, har ƙyallen ya ɓuya. Kada ku cika wuri mai faɗi da dogon zare, zai saki.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne daidaito. Kowane ɗinki ya zama tsawon ɗan'uwansa. A nan ne karatunku zai yi muku rana. Ku ɗauki ma'auni, ku ja layi na santimita 10. Ku cika shi da ɗinki 30, wato 3 a kowace santimita. Ku ƙirga da baki. Gobe ku sake wani layin, ku kwatanta da na yau. Hannun da ya saba riƙon fensir a aji ba ya wahala da allura. Aikinku na fari ya zama sunanku, da manyan baƙaƙe, a jikin ƙyalle. Daga nan sai rigar matashin kai, sai zanen gado na amarya, sai hula.

Ku wanke hannu kafin ku fara. Ku yi aiki da rana, domin hasken fitila yana gajiyar da ido. Kada ku riƙe allura a baki. In kun tashi, ku soke ta a tsumma, ku ajiye inda yaro ba ya kaiwa. Ku naɗe aikin cikin zane mai tsabta saboda ƙurar hunturu.

Saura maganar kuɗi. Da yawa sun iya ɗinki, amma suna faɗuwa a kasuwa don ba su rubuta abin da suka kashe. Ga misali na lissafi. Kun sayi yadi dala 200, wato jika ɗaya. Kun sayi zare dala 60. Jimla dala 260. Kun yi kwana 6 kuna aiki. Mai saye ya taya dala 300. Nawa ne ladan wahalarku? Dala 40 kacal, a kwana 6. Wanda ya rubuta zai ce albarka, ya jira wani mai saye. Wanda bai rubuta ba zai ga dala 300 a hannu, ya yi tsammanin riba ce. Ku samu littafi, ku raba shafi gida uku: kuɗin kaya, kwanakin aiki, kuɗin sayarwa.

Wanda ba shi da jari ya haɗa kai da abokan ajinsa. Zare a dunƙule ya fi sauƙi bisa sayen ɗaiɗai. Asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a shekarar 1991, kuma da irin zubinsa na mako-mako mace tana iya samun rancen sayen yadinta na fari.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Don me ake wanke sabon yadi kafin a yi masa ado?
2. Layi na santimita 20, ɗinki nawa zai ci, in ana yin 3 a kowace santimita?
3. A misalinmu, in kuna son ladan dala 20 kowace rana, nawa za ku sayar?

Mako mai zuwa za mu yi hira a kan awon kai da yankan hula. Kowa ya zo aji da ƙyallensa da ya gwada, a duba tare. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mu kwana nan.