Makomar Bayanan Gwamnati a Ɗakunan Karatu a Zamanin Intanet

Takardun gwamnati, irin su gazet da kasafin kuɗi da rahoton kwamitin bincike da sakamakon ƙidaya da bayanan zaman majalisa, su ne shaidar abin da hukuma ta zartar da sunan jama'a. Adana su yana cikin manyan ayyukan Ɗakin Karatu na Ƙasa na Nijeriya tun kafa shi a 1964. Dokar 1970 ta wajabta wa gwamnatin tarayya miƙa masa kwafi 25 na duk abin da ta buga, gwamnatin jiha kwafi 10, mai ɗab'i mai zaman kansa kuma kwafi 3. Hikimar tsarin tana cikin yawan kwafin: in gara ta ci na wani reshen ɗakin, ko gobara ta lashe shi, akwai wani a wani gari.

Yau takarda takan fito ne a shafin ma'aikata, kuma an ci riba ƙwarai. Ɗalibi a Gusau zai karanta kasafin tarayya a wayarsa ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Abuja ba. Tun Disambar 2019 ma akwai shafin da baitulmalin tarayya ke nuna manyan kuɗaɗen da aka biya.

Sai dai abin da ke zaune a wuri ɗaya saurin ɓacewa gare shi. Ana haɗe ma'aikatu, ko a sake fasalin shafi, ko a bar kuɗin rajistarsa ya ƙare, sai rahoton shekaru ya yi ɓatan dabo. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ana iya sauya adadi a cikin fayil ba wanda ya lura, alhali bugaggiyar takarda ba ta sauyuwa a ɓoye. Hukumomi da yawa kuma sun mayar da dandalin sada zumunta allon sanarwarsu. Da aka dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an ga illar jingina sanarwar hukuma ga rumbun kamfanin waje.

Saboda haka aikin farko shi ne doka ta tilasta miƙa fayil kamar yadda ta tilasta miƙa littafi, ɗakunan karatu kuma su riƙa kwafe shafukan hukumomi lokaci-lokaci suna ajiyewa a rumbuna dabam-dabam. A Amurka, maɗaba'ar gwamnati tana sa wa fayilolinta hatimin lantarki domin mai karatu ya tabbatar ba a taɓa su ba. Wannan abin koyi ne.

Aiki na biyu na ma'aikacin ɗakin ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani daga hukuma, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Amma tsohon malamin da ke bin haƙƙin fanshonsa bai san ofishin da zai rubuta wa ba, takardun kuma da Turanci suke. Yana buƙatar wanda zai zaunar da shi gaban kwamfuta, ya nemo masa sashen dokar, ya fassara masa, ya taya shi tsara wasiƙar. Hakan ba zai yiwu ba sai ɗakunan karatu na jihohi sun sami wuta tsayayya da intanet da ma'aikatan da aka horar kan dokoki da tsarin hukumomi.