Makullin moto da amanar ɗiyanmu

(Jawabin da malamin lakkol na garinmu ya yi a taron shekara na ƙungiya)

Maigari, liman, iyayena dattawa, uwayena mata, da ku yayyena da kunka zo daga Yamai, Damagaram, Abijan da Libiya, ina yi muku barka da hanya. Shugaban ƙungiya ya ce in yi magana bisa batun lakkol. Ku gafarce ni, yau maganata ta yaran da sunka bar lakkol ce, masu shekara 13 zuwa 17, waɗanda ke bisa moto, ko cikin garaji, ko bakin ramin zinariya.

Kun san dalili. Bara munka binne yaro guda wanda na karantar shekara uku. Ba ni faɗin sunanshi, uwarshi tana zaune cikinmu. Shi ne gwanin lissahi a ajina. Wanshi ya aiko mishi da sabuwar moto daga ci rani, don shi yi kabu-kabu ranar kasuwa, gida shi samu na cefane. Niyya ce mai kyau. Moto ba ta yi wata guda ba, da magariba, ya haɗu da amalanken shanu bisa gudoro. Hannu bai karye ba, ƙafa ba ta karye ba. Kai ne ya bugu, kuma babu kaske. Shekararshi 15.

Tunda lissahi ne sana'ata, mu yi shi tare. Moto mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. Kahin ido shi gani, hankali shi gane, ƙafa ta taka birki, daƙiƙar nan ta wuce. Ke nan yaro ya ci kusan tsawon aji biyu na lakkol bai ko taɓa birki ba. In kuma anka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ninkuwa take sau huɗu. Ku ƙara rairayi, ku ƙara fasinja biyu da buhun hatsi a baya. Babba ya san wannan a jikinshi. Yaro kuwa, in abokanshi na kallo, ƙara wuta yake.

Ƙungiyar lahiya ta duniya, OMS, a rahotonta na 2023, ta ce hatsarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1 da dubu 200 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce kaske mai kyau, in an ɗaure igiyarshi, yana rage hatsarin mutuwa hiye da sau shida. Kaske bai kai kuɗin rago guda ba. Wanda ya iya sayen moto bai kasa sayen kaske ba.

Sai batun aiki. Dokar aiki ta ƙasarmu ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki, ko da a matsayin aparanti, kahin shekara 14, kuma aiki mai hatsari sai mai shekara 18. Amma mu duba yadda muke yi. Mukan kai yaro wurin maigida a Maraɗi, mu ce ga amana, sa'an nan mu shekara ba mu leƙa ba. Wa ya taɓa tambaya ko yaron da ke walda yana da tabaran kare ido? Wa ya duba ko ana kafa wa mota icce kahin shi shiga ƙarƙashinta? Aparantin kamiyo da ke kwana ƙarƙashin mota a tasha, da wanda shofer ke miƙa wa sitiyari da dare don shi ya gaji, alhali farmin mota sai shekara 18, duka ɗiyanmu ne. Haka wanda ke zuƙo mai da baki cikin tiyo yana cika kwalabe a bakin hanya.

Ba mu manta ba, cikin watan Mayu na 2019, tankar mai ta faɗi kusa da hilin jirgin sama na Yamai, mutane sunka taru suna kwasa, wuta ta kama, hiye da mutum 50 sunka rasu. Cikin Nuwamba na 2021 kuma, nan kusa da mu, a Garin Liman cikin ƙasar Ɗan Isa, ramun zinariya sunka rufta, aƙalla mutum 18 sunka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san wani zai ce: «Mushe, kai kana da albashi, mu kuwa damana ba ta ciyar da mu shekara.» Gaskiya ne, kuma ban ce yaro shi zauna gindin icce ba. Sana'a gata ce, ni ma na yi kiwo kahin a rubuta ni lakkol. Abin da nike cewa, a ba yaro aikin da ya yi daidai da ƙashinshi. Wani kuma zai ce kwana ne ya ƙare. Rai na Allah ne, babu gardama. Amma malamanmu sun karantar da mu a ɗaure raƙumi kahin a yi tawakkali, ga liman nan shi gyara mini in na yi kuskure.

Don haka ina roƙon ƙungiya ta amince da abu huɗu, a rubuta su cikin wannan takarda tamu.

Na ɗaya, duk wanda ya aiko da moto shi haɗo da kaske biyu, na direba da na fasinja.

Na biyu, makulli shi zauna hannun babba. Yaron da bai kai 18 ba kada shi yi kabu-kabu, kada shi hau gudoro, kuma babu tuƙi bayan magariba.

Na uku, a kowane birni inda muke da ƴan ƙungiya, a naɗa mutum guda da zai riƙa ziyartar aparantinmu sau ɗaya a wata, shi gaida maigida, shi ga inda yaro ke aiki da inda yake kwana.

Na huɗu, kada uba shi sa albarka ga tahiyar yaro ramin zinariya, kome daɗin labarin da anka kawo.

Iyayena, ɗa na kowa ne. In kun ga ɗana yana gudun banza, ku tsai da shi, ku amshe makulli, ni zan zo in yi godiya. Ni ma ku ba ni izini in yi haka ga naku. Kujerar yaron nan tana nan cikin ajina, wani ke zama bisanta yanzu, amma kullum in na rubuta lissahi a allo sai na waiwaya can.

Allah shi jiƙanshi, shi ba uwarshi haƙuri, shi raya muna sauran, shi mai da ku wuraren biɗarku lahiya.