Yadda mutanen Indiya suka ƙi sayen yadin Ingila

Hirarmu ta yau a kan ƙasar Indiya take, zamanin da Turawan Ingila ke mulkinta.

A shekarar 1885, mutum 72 suka taru a birnin Bombai, wanda ake kira Mumbai yanzu. Suka kafa ƙungiya mai suna Kongires. Cikin manyansu akwai Dadabai Nawroji. Shi ne ya yi lissafi, ya nuna yadda dukiyar Indiya ke tsiyayewa zuwa Ingila. Ga misali. Manomi ya noma auduga. A kai ta Ingila cikin jirgin ruwa, a saƙa, a maido yadin a sayar masa. Masaƙan gida kuwa su rasa aiki.

Shekara 20 ƙungiyar tana rubuta ma gwamnati takardun kuka. Abin da ta samu kaɗan ne.

A 1905, babban gwamna Kurzon ya raba lardin Bengal gida biyu. Waɗansu Musulmin gabashin lardin sun yi murna. Amma mutane da yawa suka ce dabara ce ta raba kan jama'a. Aka yi babban taro a birnin Kalkata, aka yanke shawara: ba sauran sayen kayan Ingila. Aka tara yadin Ingila a kan hanya, aka cinna masa wuta. Mutane suka koma ga saƙar gida, ko da ta fi tsada ga talaka.

Wani shugaba, Bal Gangadar Tilak, ya yaɗa wannan kira a yammacin ƙasar. Yana da jarida mai suna Kesari, cikin harshen Marati, harshen mutanensa. Saboda abin da ya rubuta, aka jefa shi kaso a 1908. Ya yi shekara 6 a Mandale, ƙasar Bama.

Jama'a ba su daina ba. A 1911, Sarkin Ingila da kansa ya soke rabon Bengal.

Daga baya Gandi ya ɗauki wannan dabara, ya kai ta har ƙauyuka. Indiya ta samu ƴancin kai a 1947.

To, ga tambayar da za ku tattauna: don me ƙin sayen yadi ya fi takardar kuka ƙarfi? Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.